Jagorar tashin duron a tafkunan Bosomtwe da Volta

Yanzu a Kumasi da wuya a watse daga bikin aure ko suna ba a ga ƙaramin jirgin nan maras matuƙi, duron, yana shawagi a kan taro ba. Amarya na so a nuno ta daga sama, mai sayar da fili na so a nuno iyakar filinsa, samari masu shirya fim na neman hoton da a da sai mai helikwafta ke iya samu. Abin da da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu kyamara ba su lura da shi ba shi ne, Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line, har Kejetia da Manhyia, duk suna cikin da'irar kilomita 10 daga filin jirgin sama na Prempeh I. A ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ba a tashin duron a cikin wannan da'ira sai da izini na musamman. Wanda ya taɓa tsayawa a Aboabo ya ga yadda jirgin fasinja ke saukowa ƙasa-ƙasa ta saman rufin gidaje ya san dalili ba sai an faɗa masa ba.

Shi ya sa nake goyon bayan masu kwasar kayansu su nufi bakin tafki, ko don koyon hannu ko don aiki. Bosomtwe na da nisan kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, ya fita daga da'irar filin jirgi, ga fili ga kyan gani. Sai dai tafki ba dajin da ba mai shi ba ne. Sararin samansa na hannun hukuma, bakinsa na hannun sarakuna da masunta, ruwan kansa kuma yana da nasa hali da ke cinye na'urar wanda bai san shi ba. Ga yadda za ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: tun kafin duron ɗin ya shigo hannunka

Idan daga waje za a kawo maka, ko oda ka yi ko wani ɗan'uwa ne zai sako shi a jaka daga Dubai ko Jamus, nemi takardar amincewar GCAA kafin ya iso. Jami'an kwastan a filin jirgin Accra na da ikon riƙe shi har sai ka kawo takardar. Batiran kuma a jakar hannu ake sa su, ba a cikin akwatin da za a loda ba. Wannan ƙa'idar kamfanonin jiragen sama ce a ko'ina saboda gobarar batirin litiyom.

Idan na hannu ne za ka saya a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, ko wurin wani abokin sana'a, tambaye shi ko an yi masa rajista, da sunan wa. Duba lambar jikin na'urar ka gwada ta da wadda ke kan takarda. Ka kuma tabbata ya cire shi daga asusunsa na manhajar kamfanin a gabanka, don kada ka biya kuɗi ka tarar na'urar na ɗaure da sunan wani.

Mataki na biyu: rajista, da tambayar da ke raba hanya

Tun 2016 GCAA ta sanar cewa dole a yi wa duron rajista a ƙasar nan, kuma a lokacin kafafen labarai sun ruwaito gargaɗin cewa hukuncin wanda ya ƙi zai iya kaiwa ɗaurin shekara 30. Ƙa'idojin na cikin kashi na 28 na kundin umarnin hukumar. An kasa na'urorin gida uku bisa nauyi: ƙarami har kilo 1.5, matsakaici daga nan zuwa kilo 7, babba abin da ya haura haka. Yawancin na masu ɗaukar biki na cikin kashin farko.

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samari, wai duron da bai kai giram 250 ba ba ya buƙatar komai. Wannan sassaucin na Amurka ne, ga masu tashi don nishaɗi, kuma masu bidiyon YouTube da kake kallo da dokar ƙasarsu suke magana. Kai a Ghana kake. Kai ɗan ƙaramin naka gaban hukuma, ita za ta gaya maka matsayinsa.

Tanadi katin shaidar ɗan ƙasa, sunan kamfanin da ya ƙera na'urar da samfurinta, lambar jikinta, nauyinta, rasidin saye, da bayanin abin da za ka yi da ita. Babban ofishin hukumar na Accra, a harabar filin jirgin sama. Kuɗin rajista kan canza, don haka a bakinsu za ka ji shi, kuma ka biya inda za a ba ka rasidin hukuma, ba hannun ɗan tsakani ba.

Sai tambayar da ke raba hanya: nishaɗi ne ko sana'a? In dai za a biya ka ko da sidi ɗaya ne kan hoton, ko za ka sa shi a tallan otal ko na fili, sana'a ce. Mai sana'a na buƙatar lasisin matuƙi, da takardar shaidar gudanar da aiki ta kamfani, da inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna. Hanyar na da ɗan tsawo: rajistar kamfani, rubutaccen tsarin yadda kuke aiki, da gwaji a gaban jami'ai. Na san wannan na yi wa mai ƙaramin jari nauyi. Shawarata ita ce masu kyamara uku ko huɗu na unguwa ɗaya su haɗa kai su yi kamfani ɗaya, ko ka riƙa ɗaukar hayar mai lasisi duk ranar da aiki ya buƙaci hoton sama. Cewa jami'i "wasa nake yi" alhali ga amarya da ango sun sha ado a gabanka ba zai fisshe ka ba.

Mataki na uku: ƙa'idojin da za ka haddace

Ba su da yawa. Kada ka haura ƙafa 400, wato kimanin mita 120. Kada na'urar ta ɓace wa idonka. Idonka na gaske, ba allon waya ba. Kada ka kusanci gini ko mota da ƙasa da mita 30 ba da yardar mai shi ba, kuma ka ɗauki kwalekwale da jirgin fito a matsayin mota. Kada ka bi ta kan cunkoson jama'a. Ba a tashi da dare, ba a ɗaukar kaya ko jefo wani abu daga sama, sai da izini na musamman. Kilomita 10 ɗin nan kuma ba filin jirgi kaɗai ta shafa ba, har da wurin saukar helikwafta. In ka ji ƙarar jirgi mai ɗauke da mutane, sauko nan take, hanya tasa ce.

Batun cunkoso ya shafi Bosomtwe kai tsaye. Ranakun hutu, musamman Litinin ɗin Ista da ƙarshen shekara, bakin ruwan ƙauyen Abono kan cika da jama'a daga Kumasi, yara a ruwa, kiɗa ko'ina. Ranar ce hoton ya fi jan hankali, ranar ce kuma bai halatta ka bi ta kansu ba. Zaɓi ranar aiki.

Mataki na huɗu: fahimci tsayi a cikin kwarin Bosomtwe

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne masu hannu ma ke kuskure.

Bosomtwe rami ne da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa shekaru kimanin miliyan ɗaya da suka wuce. Faɗin ramin daga baki zuwa baki ya kai kilomita 10.5, ruwan da ke ciki kimanin kilomita 8, tuddan da suka kewaye shi kuma sun ɗara fuskar ruwan da fiye da mita 200. Duk wanda ya bi hanyar Kuntanase ya san wurin da mota ke kaiwa ƙololuwa, tafkin ya bayyana a ƙasa gaba ɗaya, sannan a fara gangara mai lanƙwasa zuwa Abono.

To, lambar tsayin da kake gani a allon rimot ba daga ƙasan da ke ƙarƙashin na'urar take ƙirga ba. Daga wurin da ka tashe ta take ƙirgawa. Dokar kuwa da tazarar da ke tsakanin na'urar da ƙasa ko ruwan da ke ƙarƙashinta take aiki.

Ɗauki misali. Ka tsaya a kan tudu, inda hoton ya fi kyau, ka tashi mita 50 kacal, ka tura ta gaba ta bi saman ruwa. Allo na cewa 50. A gaskiya tana sama da ruwa da mita 250 ko fiye, ka ninka iyakar doka sau biyu ba ka sani ba. Juya misalin: ka tashi daga bakin ruwa a Abono, ka hau mita 100, ka juyo da ita baya-baya kana ɗaukar tafkin yana buɗewa, irin hoton nan da kowa ke so. Allo na cewa 100, hankalinka kwance, amma gangaren na tasowa a bayanta da dogayen itatuwa da gonakin koko. Ƙananan duron da yawa ba su da idon gani ta baya ko ta gefe, masu shi ma ba kasafai suke gane siraran rassa ba.

Abin yi: tashi daga bakin ruwa, don lambar allo ta yi daidai da tsayinka a kan tafkin. Sa iyakar tsayi a manhaja kan mita 120 ko ƙasa da haka. Duk lokacin da za ka fuskanci tudu, juyo da hancin na'urar ta kalli inda za ta. Tsayin da take hawa idan za ta komo gida da kanta, in sigina ya yanke, shi ma daga wurin tashi ake ƙirga shi, don haka sa shi ya ɗara itace mafi tsawo da ke tsakaninka da ita. Kuma kada ka zagaya da ita bayan wani tsauni da ya shigo cikin ruwa. Da zarar tudu ya shiga tsakaninku ka rasa gani, ka rasa sigina.

Mataki na biyar: gaida masu wurin

Takardar Accra ta ba ka sama. Ba ta ba ka ƙasar da za ka tsaya a kai ba, ba ta kuma ba ka fuskokin mutane ba.

Bosomtwe wuri ne mai alfarma a wurin Asantawa. A imaninsu nan rayukan matattu ke zuwa yin bankwana, kuma akwai dutsen Abrodwum da suke ɗauka a matsayin cibiyar tafkin. Bisa al'ada masunta ba sa shiga da kwalekwale irin namu. A kan wani faffaɗan gungumen itace da suke kira padua suke zama, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu. A 2016 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da ake kare halittunsu. Imaninmu daban, amma baƙo ba ya shiga gidan mutane ya taka abin da suke girmamawa, kuma yadda ɗan zango ɗaya ya yi a ƙauye shi ake tuna wa na bayansa.

Da ka isa, nemi ɗan majalisar yankin, asambuliman, ko wani ɗan gari ya raka ka wurin odikro, mai garin. Gaisuwa da hannun dama, ana farawa daga wanda ke dama. Ba kai tsaye za ka yi wa sarki magana ba, ta bakin okyeame, kakakinsa, za ka bi. Za a tambaye ka abin da ke tafe da kai, sai ka faɗa a sarari: "Nana, daga Kumasi muke, masu ɗaukar hoto ne, ga takardarmu. Muna roƙon iznin tashin na'ura a bakin ruwa da safiyar nan. A nuna mana inda ba a so mu nufa." In Twi ɗinka bai nuna ba, bar ɗan rakiya ya yi. Al'adarsu a kai kwalbar giya. Gaya wa ɗan rakiyar tun a hanya cewa kai Musulmi ne, kuɗin gaisuwa za ka miƙa a madadinta. Mutanen nan sun daɗe da zama da Musulmi, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. In aikin babba ne, da 'yan wasa da motoci, kai wasiƙa majalisar gundumar Bosomtwe da ofishin 'yan sanda a Kuntanase kwanaki kafin ranar. Wasu ƙauyukan gaɓar na ƙarƙashin gundumar Bosome Freho ne, don haka tambayi inda ƙauyen da ka nufa ya faɗa.

Sannan ka buɗe ido ka ga abin da ke bakin ruwan da safe. Mata na wanki, zane ɗaure a ƙirji. Yara na wanka tsirara. Wani dattijo na kan padua yana jan ragarsa, ba abin da ke tsakaninsa da ruwa sai itacen nan. Ka sauko masa da na'ura mai ƙara dab da kai don hoton ya yi kyau, ya firgita ya karkata, me za ka ce wa iyalinsa? Kundin tsarin mulki na 1992 ya kare sirrin mutum, akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, Act 843, wadda hoton da ake gane mutum a cikinsa ke iya shiga ƙarƙashinta. Tun kafin doka ma, mu da muka san darajar sutura bai kamata a tuna mana ba. Matsa nesa da mashaya da wurin wanka. In kana son masunci a hotonka, same shi tun yana gaɓa, ku daidaita, ka biya shi lokacinsa.

Mataki na shida: in Volta ka nufa

Ƙa'idojin sama ɗaya ne, amma masu wurin sun bambanta. Tafkin Volta ɗan'adam ne ya yi shi, bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 8,500, kuma hukumar kogin Volta, VRA, ke kula da madatsar. Akosombo da ta Kpong wuraren tsaro ne da wutar ƙasa ta dogara a kansu. Kada ka kusance su, ko manyan wayoyin wutar da ke fita daga cikinsu, ba da rubutaccen izini ba. Gadar Adomi ma, duk kyanta, hanya ce mai motoci a kai kullum. Ka tuna da mita 30 ɗin nan, ka kuma tambayi jami'an da ke wurin kafin ka buɗe jaka.

A mashigai irin su Yeji, Dambai da Kete Krachi akwai jiragen fito da cunkoson 'yan kasuwa, a wasu kuma akwai sojojin ruwa. Je ka gabatar da kanka kafin su zo su same ka. Gandun dajin Digya da ke gaɓar yamma na ƙarƙashin sashen namun daji na hukumar gandun daji, iznin ɗaukar hoto a can nasu ne. Kamfanin Zipline, da ya fara kai jini da magunguna da jirage marasa matuƙa a Ghana a 2019, ya buɗe cibiyoyi a Anum da Kete Krachi, jiragensa kuma ƙasa-ƙasa suke tafiya da gudu. Kusa da cibiyarsu ko asibitin da suke jefa wa kaya ba wurin gwajin hannu ba ne.

Tashi daga cikin kwalekwale ban ba sabon hannu shawararsa ba. Na'urar na riƙe wurin da ta tashi a matsayin gida; kwalekwalen ya gusa, in ta komo da kanta ruwa za ta tarar. Injin da ƙarafan jirgi na rikita kamfas ɗinta. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda suka sha kifar da jirage a Volta. In dole ne, sa rigar kariya, a tsayar da jirgin, ka riƙa sabunta wurin komowa a manhaja.

Mataki na bakwai: ranar tashi

Fita da wuri. Da safe iska kan kwanta, da rana take tashi. A manyan watannin damina, Afrilu zuwa Yuli, hadari na iya haɗuwa cikin ɗan lokaci, kuma a cikin kwarin Bosomtwe tuddai na ɓoye shi sai ya zo kanka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne matsalar: na'urar da kake iya gani a mita 400 a rana mai haske za ta ɓace maka tun ba ta kai rabin haka ba, dokar gani da ido kuma ba ta sassauta don hazo. Duba hasashen hukumar yanayi tun daren.

Kafin ka tashi, duba farfela ko akwai tsagewa, cika batira da rimot da waya, shimfiɗa tabarma ko kwali don yashi kada ya shiga injinta. Jira GPS ya kama sosai har manhaja ta tabbatar ta riƙe wurin komowa. Ɗaga ta mita biyu, bar ta ta tsaya ɗan lokaci, ka ga ko tana zamewa. Ka zo da mutum na biyu wanda aikinsa kawai kallon sama da korar yaran da za su taru, domin za su taru.

Fara tafiya kana fuskantar iska, don ta turo ka a dawowa. Masu rasa na'ura a ruwa yawanci akasin haka suke yi: iska ta kai su nesa cikin sauƙi, da suka juyo batir ya ƙare a hanya. Ƙananan duron ba sa jure iskar da ta wuce kimanin mita 10 a daƙiƙa, kuma iskar sama ta fi wadda kake ji a fuska. A kan ruwa ni a rabin batir nake juyowa. Tunanin tsallaka tafkin kuwa ka cire shi. Kilomita 8 ta fi ƙarfin idonka nesa ba kusa ba.

Kada ka sauko dab da ruwa. Idanun da ke cikin na'urar, masu taimaka mata tsayawa wuri ɗaya, suna neman zane a ƙasa ne su riƙe. Ruwa mai kwanciya kamar madubi yake, ba abin riƙewa, sai ta fara zamewa ko sauka a hankali ba ka taɓa komai ba. Bar aƙalla mita 10 tsakaninta da ruwan. In shirwa ta fara zagaya ta, hau sama kai tsaye sannan ka komo gaɓa ka sauka; tsuntsu ba ya saurin hawa kamar yadda yake saurin kawo bara.

Wannan taka-tsantsan ba don kuɗin na'urarka kaɗai ba ne. Zurfin Bosomtwe ya kusa mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Batirin da ya nutse a nan ya zauna ke nan, a ruwan da ƙauyuka ke ci daga kifinsa.

Mataki na takwas: in an samu matsala, da bayan an dawo

In jami'i ya tsayar da kai, sauko da na'urar tukuna, sannan ka yi magana. Nuna takardun rajista da lasisi, na takarda da hotonsu a waya. Kada ka yi gardama a bakin ruwa, kada kuma ka miƙa na goro. In za a karɓe na'urar, nemi sunan ofishin da rubutacciyar shaidar karɓa.

In ta faɗa kan mutum ko rufi ko ragar masunci, tsaya. Kula da wanda ya ji rauni, sanar da mai gari da 'yan sanda, kai rahoto ga GCAA da kamfanin inshorarka, kuma kada ka goge bayanan tafiyar da manhaja ta ajiye, su ne shaidarka. In ruwa ta faɗa, kada ka tura yaran gari su nutsa don ladan 'yan sidi. In an ciro ta daga wuri marar zurfi, cire batirin nan take, ajiye shi a fili nesa da abin da zai kama wuta, kada ka sake cajinsa.

Da ka koma gida, kafin ka ɗora komai a TikTok ko Facebook, bi bidiyon daga farko zuwa ƙarshe. Yanke duk inda mai wanka ya fito, ko cikin gidan wani, ko wurin da aka ce kada ka nufa. Rubuta ranar, wurin, tsawon tashin da batirin da ka yi amfani da shi a littafin aikinka, domin hukuma na iya neman sa lokacin sabunta takardu. Ka kuma tura wa asambuliman da masuncin da ya yarda ka ɗauke shi kwafin abin da ka fitar ta WhatsApp.